Masu Bin Sawu: Tarihin Labarin Bincike Daga Najran Zuwa Mubi

Malaman tarihi na Larabawa, cikinsu har da Imam Ɗabari wanda ya rasu a Bagadaza a shekarar 923, sun ruwaito hikayar 'ya'yan Nizaru su huɗu, Mudar da Rabi'a da Iyad da Anmar, waɗanda bayan rasuwar mahaifinsu suka saɓa a kan rabon gado, suka ɗaura niyyar zuwa Najran wurin wani mai hukunci da ake kira Af'a, mutumin kabilar Jurhum, domin ya raba musu gardama. Suna cikin tafiya sai suka gamu da wani mutum yana cigiyar raƙuminsa. Na fari ya tambaye shi ko raƙumin mai ido ɗaya ne, na biyu ya ce ko yana ɗingishi, na uku ya ce ko wutsiyarsa a gutsure take, na huɗu ya ce ko firgitacce ne mai gudun mutane. Mai cigiya ya amsa duka da na'am, amma da ya ce su nuna masa inda dabbarsa ta yi, sai suka rantse ba su taɓa sa ta a ido ba. Ya bi su har gaban mai hukunci yana tuhumarsu da sata. A can ne kowannensu ya kawo hujjarsa: ciyawar gefe guda kaɗai aka ci aka bar ta ɗaya gefen, sawun ƙafa ɗaya ya zauna daram ɗaya kuwa ya jirkice, kashin ya taru wuri guda alhali da akwai wutsiya da ta watsa shi, sa'an nan dabbar takan bar wuri mai yalwar ciyawa ta wuce zuwa wanda bai kai shi ba. Mai hukunci ya sallame su, ya ce wa mai raƙumi ya je ya ci gaba da nema.

Wanda ya tashi a Mubi ba zai ji wannan hikaya baƙuwa ba, domin garin yana zaune ne a gindin duwatsun Mandara, a bakin kogin Yedzaram, kasuwar shanunsa kuwa tana cikin manyan kasuwannin shanu na Nijeriya, inda garkunan Cadi da na Kamaru suke sauka kafin a loda su a manyan motoci zuwa kudu. Duk inda dukiya take tafiya da ƙafafunta kuwa, to, ba a rasa mai kora ta da dare, ba a kuma rasa mai bin sawunta da asuba. Makiyayin da ya wayi gari ya tarar garkensa ya ragu ba ya fara da kururuwa. Durƙusawa yake yi, ya ware kofaton bijiminsa daga cikin ɗaruruwan kofatai, ya dubi zurfin sawun ya gane ko da gudu aka kora su ko a hankali, ya taɓa kashin da suka bari ya ji ko ya bushe ko da sauran danshi, ya dubi karan da aka taka ya ga ko raɓa ta sauka a kansa bayan an taka shi, daga nan ya ƙiyasta sa'ar da aka wuce. In sawu ya kai shi bakin wani ƙauye sai ya tsaya a nemo mai unguwa, a duba ko sawun ya fita ta wancan gefen ko a ciki ya ɓace. Larabawa suna kiran wannan ilmi ƙiyafa, karanta halin mutum daga alamominsa kuma firasa, dukkan abin da marubutan Turai suka gina daga baya kuwa a kan waɗannan biyu yake tsaye.

Shari'a ma ba ta jahilci wannan babi ba. A cikin Suratu Yusuf, sa'ad da magana ta zama ta mutum biyu, Annabi Yusufu da matar ubangidansa, kowa yana ɗora wa ɗan'uwansa, wani mai shaida daga dangin matar ya ce a dubi rigar, in ta gaba ta yage hukunci daban, in ta baya ce hukunci daban, aka duba aka tarar ta baya ce, gaskiyar Annabi Yusufu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ta bayyana ba tare da an sami wanda ya ga abin da idonsa ba. Da wannan aya Ibnul Ƙayyim, wanda ya rasu a 1350, ya kafa hujja a littafinsa Ɗuruƙul Hukmiyya cewa alƙalin da ya rufe idonsa daga ƙarina, watau alama, ya tsaya ga shaidar baki kaɗai zai tozarta haƙƙoƙi masu yawa. Ibnu Farhun, malamin Malikiyya na Madina, shi ma ya yi dogon bayani a kan hukunci da alamu a cikin Tabsiratul Hukkam. Alƙalan ƙasarmu da suka sauke Risala da Muhtasar da Tuhfa sun san babin lausu da ƙasama, watau inda aka sami gawa tare da alama mai ƙarfi wadda ba ta kai cikakkiyar bayyina ba, har a kai ga rantsuwa hamsin. Saboda haka tambayar wa ya aikata, da kuma ta yaya za a tabbatar, tsohuwa ce a zaurukan malamanmu.

Amma akwai wata hikaya ta biyu, a cikin Dare Dubu da Ɗaya, wadda nake ganin ita ta fi bayyana hanyar da adabinmu ya bi. Halifa Haruna Rashidu ya fita yawon dare da wazirinsa Ja'afaru Barmaki, ya sa wani masunci ya jefa taru a kogin Dijla, taru ya fito da akwati, a cikin akwatin kuwa gawar wata yarinyar mace ce an daddatsa ta. Halifa ya ba waziri kwana 3 ya kawo wanda ya kashe ta, in ya kasa a rataye shi. To, me Ja'afaru ya yi? Gida ya tafi ya zauna yana jiran ajali. Sai da aka kai shi bakin gungume sa'an nan wani saurayi ya keto taro ya yi iƙirari cewa matarsa ce, shi ya kashe ta: ta yi rashin lafiya ta yi kwaɗayin tuffa, ya tafi har Basra ya sayo guda 3, daga baya ya ga ɗaya a hannun wani bawa wanda ya ce masa farkarsa ce ta ba shi, ya koma gida cikin fushi ya aikata abin da ya aikata, sai bayan nan ɗansa ya gaya masa cewa shi ya ɗauki tuffar, bawan ya fizge ta a hannunsa. Halifa ya sake ba waziri kwana 3 ya nemo bawan, ya sake komawa gida ya zauna. Yana bankwana da iyalinsa ne ya rungumi ƙaramar 'yarsa ya ji tuffa a aljihunta, ashe bawan nasa ne. Ga gawa, ga wa'adi, ga shaidar ƙarya, ga asiri ya tonu, ba abin da ya rage daga rukunan labarin bincike sai mai binciken kansa, domin ƙaddara ce ta yi aikin duka.

Turawa ba su fito da wannan mutum a rubuce ba sai da suka fito da shi a zahiri. A wajen 1812 wani tsohon ɗan fursuna mai suna Vidocq ya kafa rundunar 'yan sandan ciki a Faris, ya kuma buga labarin rayuwarsa a 1828; Landan ta kafa 'yan sandanta a 1829, ta buɗe sashen bincike a 1842. Birane sun cika da baƙin da ba wanda ya san asalinsu, maƙwabci bai san maƙwabcinsa ba, jaridu masu araha suna sayar da labarin kisa, mutane suna bukatar wanda zai gaya musu cewa hankali yana iya kamo mai laifi a cikin wannan cinkoso. A 1841 Edgar Allan Poe, mutumin Amurka, ya buga labarin wata uwa da 'yarta da aka kashe a ɗakin da aka tarar a kulle ta ciki, a wani titi na Faris, ya sa wani mai suna Dupin ya warware abin da ya gagari hukuma, abokinsa kuma yana ba mu labari. Wannan tsari ne Arthur Conan Doyle ya ɗauka a 1887 ya ƙera Sherlock Holmes da abokinsa Likita Watson. Doyle likita ne, ya yi karatu a Edinbara a hannun wani malami, Joseph Bell, wanda yakan dubi hannun majinyaci da takalminsa da yadda yake tafiya ya faɗi sana'arsa da inda ya fito tun bai buɗe baki ba. Firasa ke nan tsagwaronta, ta sa rigar asibiti. Da marubucin ya gaji ya kashe jarumin nasa a 1893, masu karatu suka tasa shi gaba har ya dawo da shi. Agatha Christie ta fara nata a 1920 da Hercule Poirot, ta mai da abin wasan ƙwaƙwalwa mai ƙa'ida: a tara mutane kaɗan a gida ɗaya ko a jirgin ƙasa ɗaya, a shimfiɗa wa mai karatu kowace alama a gabansa, a kuma ɓatar da shi duk da haka. Ya kamata a ambata, don ba a cika faɗa ba, cewa tsarin rarrabe zanen yatsa da 'yan sandan Landan suka karɓa a 1901 a Kalkata aka haɗa shi, inda aka buɗe ofishinsa a 1897, kuma wani Musulmi ɗan Bangal, Azizul Haque, tare da Hem Chandra Bose, su suka yi mafi nauyin lissafinsa.

Rubutun zube na Hausa da boko ya kankama ne da gasar da Rupert East ya shirya daga Zariya a 1933, wadda ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi da Jiki Magayi. Wanda ya karanta su zai ga laifi bai yi ƙaranci a ciki ba. Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo labarin ɓarayi ne da dabarunsu, ana bin ɓarawon ana sha'awar wayonsa. Jiki Magayi na John Tafida da East labarin ramuwa ne, mai kuɗi ya ƙwace wa saurayi budurwa, saurayi ya shiga duniya neman abin da zai lalata masa ɗa, ƙarshe sharri ya cinye kowa. A Magana Jari Ce, da Abubakar Imam ya fitar daga 1937, akwai alƙalai masu basira da ke kama maƙaryaci da harshensa, su ne mafi kusa da 'ya'yan Nizaru. Amma hikayoyi ne gajeru, alƙalin yana zaune a kan buzunsa ake kawo masa ƙara. Abin da ya mamaye shi ne aƙidar nan ta cewa alhaki kuikuyo ne, mai shi yake bi. Aƙida ce ta gaskiya, ba mai imanin da zai musa ta, sai dai marubucin da ya dogara a kanta kaɗai ba ya bukatar ya tashi kowa ya je ya duba gawa.

Akwai kuma dalili na biyu na rashin mai bincike a adabinmu, wanda tarihin Mubi yake bayyanawa fiye da na wurare da yawa. Jamusawa sun kama garin a farkon ƙarni na 20, Ingilishi suka karɓe shi a yaƙin duniya na farko, aka riƙe yankin a matsayin ƙasar amana ana gudanar da shi tare da Lardin Adamawa, har zuwa ƙuri'ar raba gardama ta Fabrairu 1961, inda mutum 146,296 suka zaɓi Nijeriya, 97,659 suka zaɓi Kamaru, aka kafa Lardin Sardauna, Mubi ta zama hedikwatarsa. A tsawon wannan zamani talakan Gude ko Fali ko Nzanyi ko Margi, har da Bafillace da Bahaushen kasuwa, ya san dogari da ɗan doka ne a matsayin mai karɓar haraji da jangali, mai kamo wanda hakimi ya ce a kamo. Wanda ake ɓuya in an hango jar rigarsa ba zai zama jarumin hira ba. Saboda haka in an yi wa mutum sata sai ya nufi inda ya amince: Musulmi ya nemi a yi rantsuwa da Alƙur'ani ko a ja Yasin, wasu su tafi wurin mai duba, a duwatsun Kamwe da Kapsiki kuwa maƙera suna da dubansu na ƙaguwa, inda akan zuba jiƙaƙƙen rairayi a tukunya, a kafa tsinkaye da ɓallin ƙwarya, a saki ƙaguwa a rufe, bayan an jima a buɗe a karanta yadda ta ture su. Ba ina daidaita rantsuwa da duba ba ne, Allah ya kiyaye. Nufina shi ne dukkansu suna miƙa tambayar ga gaibu, alhali labarin bincike yana tsayawa ne a kan cewa ɗan Adam zai tattara alamu a fili, ya kai su gaban hukuma, hukuma kuma ta karɓa.

Wasu harsunan Afirka sun tsallake wannan rami. A Zanzibar, Muhammed Said Abdulla, Musulmi mai aikin duba-gari, ya fitar da littafinsa na farko da Sawahili a 1960, ya ƙirƙiri Bwana Msa, mai lofe, wanda ba ɗan sanda ba ne, 'yan sanda ne ma suke zuwa neman shawararsa, ya kuma ci gaba da dawo da shi a littattafai da dama har sunan ya zauna a bakin 'yan makaranta. Yarabawa sun sami Lapade, tsohon ɗan sanda da ya bar aiki, a littafin Oladejo Okediji na 1969, sun kuma sami Akin Olusina a hannun Kola Akinlade. Dukansu sun gane dabara ɗaya, wato a fitar da mai binciken daga cikin ofis a tsayar da shi a tsakiyar jama'a.

Mu kuwa abin ya shigo mana ne ta wata ƙofa. Daga ƙarshen shekarun 1960 mujallar hotuna ta African Film ta kawo Lance Spearman, mai hula da sigari da bindiga. Silima ta kawo finafinan Indiya irin su C.I.D. na 1956 da Gumnaam na 1965, wanda aka gina a kan wani littafin Christie, har kalmar si'aidi ta zama ta kowa. Sa'an nan ga James Hadley Chase, Baturen Ingila da ya fara a 1939, ya rubuta littattafai kimanin 90, akasarinsu a kan Amurkar da bai zauna cikinta ba. Ɗaliban sakandare da na kwalejojin horon malamai sun karanta shi har bangon littattafan ya saluɓe, ana karɓa-karɓa, ana ɓoyewa a ƙarƙashin katifa. Sai dai Chase ba ɗan gidan Holmes ba ne. Galibi tun shafin farko an san mai laifi, tare da shi ake tafiya, abin jira kawai shi ne ta inda kwaɗayi zai halaka shi. Wannan kuwa ya dace da abin da muka riga muka saba da shi, shi ya sa ya sami karɓuwa haka.

'Ya'yan wannan karatu suka bayyana a gasar da Sashen Al'adu na Tarayya ya shirya, aka buga littattafanta a 1982. Ƙarshen Alewa Ƙasa na Bature Gagare ya kawo Mailoma, tsohon sojan yaƙin basasa da ya tara 'yan ta'adda da makamai da wiwi, da wani irin zafin alƙalami da Hausa ba ta saba gani ba. Turmin Danya na Sulaiman Ibrahim Katsina ya tona asirin attajirin da ya yi arziki da fasa-ƙwauri da yadda yake sayen ma'aikata, labarin da duk wanda ya san hanyar Sahuda ta bakin iyaka da abin da ke ƙetare ta da dare zai karanta yana gyaɗa kai. Littattafai ne masu daraja, amma a cikinsu ma mai laifin ne ginshiƙi. Zamanin kuwa bai taimaka ba: a 1986 aka kashe ɗan jarida Dele Giwa da bom a cikin wasiƙa a Legas, har yau ba a hukunta kowa ba, shari'ar ɗan fashi Lawrence Anini kuma ta nuna cewa wani babban ɗan sanda, George Iyamu, yana cikin masu taimaka masa, aka harbe su a 1987.

Adabin kasuwar Kano da finafinan Hausa da suka biyo baya daga 1990 sun fi karkata ga soyayya da rikicin gida, ko da yake ba a rasa masu rubuta labaran fashi da ban tsoro ba. A nan akwai wata illa ta sana'a. Littafin da ake fitarwa kashi-kashi, a ga yadda na ɗaya ya sayu kafin a rubuta na biyu, ko wanda ake sakewa babi-babi a WhatsApp da Facebook kamar yadda ake yi yanzu, yana iya miƙewa yadda aka so in soyayya ce. Labarin bincike kuwa daga ƙarshe ake gina shi, dole marubuci ya san wanda ya yi kisan da sa'ar da ya yi kafin ya sa alƙalami a shafin farko, ya kuma binne kowace alama a inda mai lura zai iya tono ta. Masu kallo dai a shirye suke, shaida ita ce yadda ake rububin finafinan bincike na Indiya da aka fassara da Hausa, da yadda aka bi shirin Kwana Casa'in na tashar Arewa24, wanda ya sa ɗan jarida a matsayin mai tono.

Fitaccen mai bincike ɗan Arewa da fim ɗin Nijeriya ya fitar ya zo ne daga hannun Kunle Afolayan, a fim ɗinsa October 1: Sufeto Danladi Waziri, wanda marigayi Sadiq Daba ya fito a matsayinsa, an tura shi wani gari a ƙasar Yarabawa ya gano mai kashe 'yan mata kafin ranar samun 'yanci ta 1960, ya gano, Turawan mulki kuma suka so a rufe maganar saboda matsayin wanda ya aikata. An saki fim ɗin ranar 1 ga Oktoba 2014. Mutanen Mubi suna da tasu 1 ga Oktoba, ta 2012, daren da 'yan bindiga suka shiga unguwar Wuro Patuji suna kiran mutane da sunayensu, suka kashe waɗanda 'yan sanda suka ce 25 ne, wasu kuma suka ce sun haura 40, akasarinsu ɗalibai. Aka yi ta faɗin dalilai, wasu suka ce Boko Haram, wasu suka ce rikicin zaɓen ɗalibai, iyayen da suka zo daga jihohi masu nisa suka ɗauki gawarwakin 'ya'yansu suka koma. Kafin watan da aka saki fim ɗin ya ƙare, garin kansa ya faɗa hannun 'yan Boko Haram, sai a Nuwamba sojoji da maharba da 'yan banga suka ƙwato shi. Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Jama'ar da ta ga wannan ta cancanci littattafan da za su koya wa yaranta bambanci tsakanin zato da yaƙini, tsakanin an ce da na gani, su kuma saba musu da cewa tambaya tana da haƙƙin a bi ta har ƙarshe. A ganina wannan ba ƙaramar hidima ba ce ga addini ma, wanda ya hana bin zato ya kuma wajabta tabbatar da labari kafin a yi aiki da shi.

Marubucin da zai ɗauki wannan aiki a Mubi ba zai rasa kaya ba, domin garin iyaka ne, mai harsuna da yawa, mai Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da Jami'ar Jihar Adamawa, mai dillalai da 'yan canji da direbobi da malaman zaure, kowannensu yana iya zama mai binciken. Tarihin yankin ma ya ajiye masa misali a Madagali, arewa da Mubi. Hakiminta Hamman Yaji ya yi shekaru yana kai hari kan mutanen duwatsu, har da na Sukur, yana kamo bayi, tun daga 1912 kuma yana sa magatakardansa ya rubuta masa da Larabci abin da ya faru rana-rana, da sunan ƙauyen da aka faɗa wa, da adadin mutane da shanun da aka kamo. Ingilishi suka kama shi suka tuɓe shi a 1927, littafin ya faɗa hannunsu, aka fassara shi, abin da mutanen duwatsu suka daɗe suna faɗa da baki ya tabbata da rubutun gidansa. An buga wannan littafi da Turanci a Amurka a 1995.